Iyayenmu 'Yan Cin Rani

Ya kai mai karatu, in ka duba gidanku a Zabori ko ƙauyukan ƙasar Gaya, da wuya ka rasa tsoho wanda ya taɓa zuwa cin rani. Ka san abin da ya sha a hanya?

A zamanin mulkin Faransa an ɗora wa kowane magidanci haraji, wanda ake ce wa lanho. Kuɗi ake biya, ga shi gero ba ya kawo kuɗi sosai. Saboda haka da an gama girbi sai maza su ɗaure kaya su nufi Gwalkwas, wato ƙasar Gana ta yau. Da yawa da ƙafa suke tafiya. Su bi ta Gaya, su ƙetare kogin Kwara cikin kwalekwale zuwa Malanbil, domin ba a gina gada ba sai 1958. Daga nan su ratsa Dahome da Togo, makonni suna tafe.

A Kumasi da Akara sukan sauka a zango, wurin 'yan'uwa. Wani ya yi dako a kasuwa, wani ya yi ƙwadago a gonar koko, wani ya shiga ramin zinariya a Obuwasi. Su kwana da yawa a ɗaki guda, su ci kaɗan, su adana sauran. Kafin damina su dawo da kuɗin haraji, da zannuwan mata, da rigunan yara, wani har da keke.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su fita. Mutanen Nijar da yawa suka baro rumfuna da kayansu, suka komo hannu wofi. Wasu suka juya zuwa Legas. A Janairu 1983 Nijeriya ma, zamanin Shehu Shagari, ta kori baƙi marasa takardu. Yawancin iyayen nan ba su iya karanta takardar da ake nema daga gare su ba.

Duk da haka ba su daina fita ba. Da guminsu aka sayi hatsi a shekarun fari na 1973 da 1984, aka biya sadaki, aka sayi shanun huɗa.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. To, kai yanzu ka iya riƙe alƙalami. In mahaifinka yana da rai, je ka gaishe shi, ka ce: "Baba, faɗa mini garuruwan da ka bi." Ka rubuta sunayensu, da aikin da ya yi, da shekarun da ya yi can. Ka karanta wa 'ya'yanka. In kuwa ya rasu, ka tambayi abokan tafiyarsa tun suna nan, ka yi masa addu'a. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, amin.