Tiyatar cire matsarmama ta cibiya

Matsarmama, wadda wasu ke kira maɗaciya, 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta da ke tara ruwan ɗaci mai taimaka wa hanji narkar da maiƙo. Idan tsakuwoyi suka taru a cikinta suka toshe hanyar ruwan, sukan haddasa ciwo mai tsanani a saman ciki ta ɓangaren dama, musamman bayan cin abinci mai maiƙo, wani lokaci har da amai, zazzaɓi ko shawara. Matsalar ta fi yawa a mata, da masu ƙiba, da masu cutar sikila. Idan ciwon ya riƙa dawowa, likitoci kan cire jakar gaba ɗaya.

Likitan ƙasar Jamus Carl Langenbuch ne ya fara cire matsarmama a 1882, ta hanyar tsaga ciki. A 1985 Erich Mühe ya yi aikin ta ƙananan ƙofofi da madubin leƙa ciki, dabarar da ake kira cœlioscopie da Faransanci, sannan Philippe Mouret ya yi shi a Liyon ta Faransa a 1987. Yawanci ƙofofi 4 ake hudawa. A 1997 likitocin Italiya suka bayyana yadda ake yi ta cibiya kaɗai.

Bayan an sa majinyaci barci, sai a yanka wajen santimita 2 a cikin cibiya, a hura ciki da iska don samun fili, a zura kyamara da kayan aiki. Likita na kallon allo, ya ɗaure jijiyar jini da bututun matsarmamar, ya yanke su, ya zaro jakar ta cibiyar. Tabon kan ɓuya a lanƙwasar cibiya, kuma yawancin majinyata kan koma gida cikin kwana 1 zuwa 2.

Sai dai aikin ya fi wuya ga likita, domin kayan na cunkushe a ƙofa ɗaya, kuma haɗarin fitowar ƙaba a wurin yankan ya fi na ƙofofi 4. Babban abin tsoro a kowace hanya shi ne raunata babban bututun ruwan ɗaci. Idan kumburi ya yi yawa, akan ƙara ƙofofi ko a tsaga ciki.

Mutum na rayuwa lafiya ba matsarmama, domin hanta na ci gaba da zuba ruwan ɗaci kai tsaye cikin hanji. Wanda ya ga zazzaɓi, shawara ko ciwo mai ƙaruwa bayan tiyata ya koma asibiti ba tare da jinkiri ba.