Daren da Abu Ya Lalace: Nazari kan Abin da Masoya Pink Floyd Ke Tunawa daga Wasannin Ƙungiyar, 1971 zuwa 2005

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda mutanen da suka halarci wasannin ƙungiyar kiɗa ta Pink Floyd ke ba da labarin abin da suka gani, ta kuma auna labaran da abin da tarihi ya adana da kuma binciken masana halayyar ɗan Adam kan tunawa. Hujjar da ta kafa ita ce, tun da ƙungiyar ta tsara wasanninta su fito iri ɗaya kowane dare, makaɗan kuma suka ɓuya a bayan haske da majigi, tangarɗa ce ta fi zama a zukatan masu kallo: na'urar da ta tsaya, labulen da ya kama wuta, benen kujerun da ya rufta.

Ƙungiyar da ba a san fuskokinta ba

An kafa Pink Floyd a Landan a 1965, da Syd Barrett da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason. David Gilmour ya shigo a daidai lokacin da lafiyar ƙwaƙwalwar Barrett ke taɓarɓarewa, kuma a 1968 Barrett ya bar ƙungiyar. Ana lissafa su cikin manyan makaɗan salon firog-rok, wanda ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, tare da irin su Yes da Genesis da King Crimson. Alamar salon ita ce doguwar waƙa da kan kai minti ashirin, da faifan da aka gina kacokan kan jigo guda, da aron dabarun kiɗan gargajiyar Turai. Edward Macan, a littafinsa Rocking the Classics na 1997, ya nuna cewa akasarin makaɗan salon 'ya'yan masu matsakaicin hali ne daga kudancin Ingila, waɗanda suka ɗanɗana karatun gaba da sakandare.

Abin da ya raba Pink Floyd da takwarorinsu shi ne gudun nuna kai. Bangon faifansu Atom Heart Mother na 1970 hoton saniya ne a makiyaya, ba sunan ƙungiya, ba fuskar kowa. A dandamali ma haka suke. Babu mai rawa, babu mai zolayar jama'a. Mutum huɗu ne tsaye cikin duhu, kowa ya duƙufa kan kayan kiɗansa. Tun a wasan 12 ga Mayu 1967 a zauren Queen Elizabeth Hall suka kewaye masu kallo da lasifika ta kusurwa huɗu, Wright na juya sauti da wata 'yar sanda har mutum ya ji takun sawu na zagaya bayansa. A 1974 suka ƙaro katafaren allon majigi mai siffar da'ira. Da zarar kiɗa ya ɗauru da hoton majigi da sautin da aka riga aka naɗa a tef, makaɗi ba shi da sararin sauya komai. Wanda ya kalla ran Talata da wanda ya kalla ran Laraba kusan abu ɗaya suka gani.

To me zai sa mutum ya ce daren da ya je daban ne?

Hanyar nazari

An dogara ne kan abubuwan da aka wallafa: littafin Nick Mason mai suna Inside Out na 2004, da Pigs Might Fly na Mark Blake na 2007, da faifan da ƙungiyar ta fitar, da kuma naɗe-naɗen da masu kallo suka yi a ɓoye da ƙananan rikoda, waɗanda masoya suka shekara suna musayarsu hannu da hannu. An zaɓi wasannin da labarinsu ya fi yawo, aka tambayi kowanne abu ɗaya: me ake faɗa a kansa, me kuma shaida ta nuna?

Kifayen Crystal Palace

Ranar 15 ga Mayu 1971 ƙungiyar ta yi wasa a Crystal Palace da ke kudancin Landan. Tsakanin dandamali da jama'a akwai ɗan tafki, kuma a cikinsa aka ɓoye wani ƙaton balan-balan mai siffar dabbar teku mai hannuwa takwas, da nufin ya taso daga ruwa ana tsakiyar kiɗa. An yi ruwan sama ranar. Bayan an watse, sai aka tarar kifayen tafkin sun mutu.

Labarin da ya bazu tsakanin masoya shi ne ƙarar kiɗan ce ta kashe kifin. Akwai bayani mafi sauƙi: an kunna abubuwan fitar da hayaƙi a cikin ruwan, wasu 'yan kallo kuma sun faɗa tafkin suna dama shi. Amma na farkon ne ya rayu, kuma dalilin a bayyane yake, domin yana ɗaga darajar ƙungiyar da ta wanda ya halarta. Tun a 1932 masanin Ingila Frederic Bartlett ya gwada irin wannan: ya ba mutane labari, ya sa su maimaita shi bayan wani lokaci, ya ga suna zubar da abin da bai dace da tunaninsu ba, suna gyara saura ya yi daɗin faɗa. Tunawa, a wurinsa, sake gini ce. Kifin ya mutu da gaske. Sanadin ne aka gyara.

Wasu misalan ba sa buƙatar dogon bayani. A Brighton, ranar 20 ga Janairu 1972, daren farko da aka gwada waƙoƙin The Dark Side of the Moon gaban jama'a, fiye da shekara guda kafin faifan ya fito a Maris 1973, tef ya ƙi aiki ana cikin waƙar Money, dole aka bar sauran. A Knebworth, ranar 5 ga Yuli 1975, an shirya jiragen yaƙi biyu ƙirar Spitfire su ratsa sama daidai lokacin fara kiɗa. Jiragen suka zo suka wuce makaɗa ba su shirya ba, sannan wutar janareta ta riƙa hawa da sauka har kayan kiɗan Wright suka saki sauti. Duk wanda zai ba da labarin waɗannan ranakun, daga nan yake farawa.

Montreal: daren da ya haifi bango

Mafi nauyin misalan shi ne na 6 ga Yuli 1977, a filin wasannin Olamfik na Montreal a Kanada, daren ƙarshe na rangadin faifan Animals. Mutum wajen dubu 80 ne suka cika filin. A wannan rangadin ne ake sakin ƙaton alade na balan-balan yana shawagi bisa kawunan jama'a. Waters ya riga ya gaji da manyan filaye, inda na baya ba sa ji, na gaba kuma ihu ya kawo su. Ana cikin wata waƙa mai sanyi sai aka fasa nokawut. Ya tsayar da kiɗa ya zazzaga wa masu yin hakan faɗa, kuma rikodar wani ɗan kallo ta kama maganar, har yau ana sauraronta. Can gaba, wani matashi da ke ta ihu a gaban dandamali ya matso, Waters ya tofa masa yawu a fuska. Gilmour bai tsaya waƙar rufewa ba. Ya koma wajen masu sarrafa sauti yana kallo.

A nan akwai matsalar da ya kamata mai bincike ya tsaya a kai. A fili mai ɗaukar dubu 80, mutum nawa ne za su iya ganin tofin yawu? 'Yan sahun gaba kaɗai. Amma daren ya zama daren tofi ga kowa, saboda Waters da kansa ya yi ta ba da labarin a hirarraki, yana cewa daga wannan abin kunyar ne tunanin gina bango tsakaninsa da jama'a ya zo masa, wanda ya zama faifan The Wall na 1979. Masanin zamantakewa na Faransa Maurice Halbwachs ya faɗa tun 1925 cewa mutum ba ya tuna abu shi kaɗai. Jama'ar da yake ciki ce ke ba shi ma'aunin abin da ya cancanci tunawa. Wanda ya zauna a can ƙurya a Montreal ya ji nokawut, ya ji faɗa, sauran kuma daga baya ya karɓa, ya haɗa da nasa.

Wannan ba ƙarya ba ce, kuma bai dace a kira ta haka ba. Washegarin fashewar kumbon Challenger a Janairun 1986, Ulric Neisser da Nicole Harsch sun sa ɗalibai 106 na Jami'ar Emory su rubuta inda suke da yadda suka ji labarin. Bayan kusan shekara uku aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da rubutunsu na farko a ko da abu ɗaya ba, amma yawancinsu suna da yaƙinin abin da suke faɗa. Jennifer Talarico da David Rubin sun sami makamancin haka a 2003 game da harin 11 ga Satumba: bayanai na zaizayewa kamar na kowace rana, yaƙinin ne ba ya raguwa.

Wasa 31 a birane huɗu

The Wall ya kai ɓuyan makaɗa matuƙa. Tsakanin Fabrairun 1980 da Yunin 1981 an yi wasan sau 31 kacal, a Los Angeles da Uniondale ta jihar New York da Landan da Dortmund ta Jamus. Waɗanda suka buɗe wasan ma ba 'yan ƙungiyar ba ne, wasu makaɗa ne sanye da abin rufe fuska mai kamannin su huɗun. Ana kiɗa ma'aikata na jera tubalan kwali, har bango mai tsayin kusan mita 12 ya rufe dandamali kafin hutun rabin lokaci. Rabin wasa na biyu, jama'a bango suke kallo, ana haska zanen Gerald Scarfe a jikinsa, sai Gilmour ya ɓullo a can ƙololuwa da jitarsa, haske na dukansa ta baya.

Ko a nan, daren da ya fi suna shi ne na farko, 7 ga Fabrairu 1980, lokacin da tartsatsin wasan wuta ya kama labule a saman dandamali har aka dakatar da kiɗa. A 1933 Hedwig von Restorff ta nuna cewa idan aka jera abubuwa masu kama da juna, wanda ya fita daban shi ake riƙewa. Kamar biki ne: an ci an sha lafiya a goma, amma wanda iska ta kwashe rumfa shi ake ba da labari.

Venis da Earls Court

Bayan Waters ya fice a 1985, sauran sun ci gaba, wasannin kuma suka ƙara girma. Ranar 15 ga Yuli 1989 suka yi wasa kyauta a kan dandamali mai iyo a gaban dandalin San Marco na birnin Venis. Mutum wajen dubu 200 suka kwararo cikin tsohon birnin da bai tanadi makewayi ko wurin kwana ba. Hukuma ta sa an rage ƙarar sauti don kare tsofaffin gine-gine. Da gari ya waye, shara kimanin tan 300 ce jibge a dandalin, kuma fushin mazauna ya kai ga magajin gari Antonio Casellati da majalisarsa suka yi murabus. Labaran waɗanda suka je sun fi karkata ga cunkoso da ƙishirwa da kwanan ƙasa. Waɗanda suka kalla ta talabijin a ƙasashe da dama su ne suka fi jin kiɗan sosai.

Ranar 12 ga Oktoba 1994, a zauren Earls Court na Landan, benen kujeru mai ɗauke da mutum 1,200 ya rufta ana fara wasa. Mutum 96 suka ji rauni, ba a rasa rai ba, aka ɗage wasan zuwa 17 ga wata. Fim ɗin Pulse da ya fito a 1995 an ɗauke shi ne a zaure ɗaya ranar 20 ga Oktoba. Philip Auslander, a littafinsa Liveness na 1999, ya yi bayanin yadda wasan ido-da-ido da naɗaɗɗen hoto suka cuɗanya har kowanne ke kwaikwayon ɗayan. Wanda ya je ɗaya daga cikin dararen da komai ya tafi daidai, ya kuma kalli Pulse sau da yawa, da wuya ya rarrabe abin da idonsa ya gani da abin da kyamara ta nuna masa. Wanda ya je ran 12 ba shi da wannan matsalar, domin babu fim ɗin da zai maye masa gurbin nasa.

Hyde Park, 2005

Ranar 2 ga Yuli 2005 Waters da Gilmour da Wright da Mason suka hau dandamali tare a filin Hyde Park na Landan, a karon farko cikin shekara 24, a wasan Live 8 da Bob Geldof ya shirya don matsa wa shugabannin ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki lamba kan bashin Afirka.  Sun yi minti ashirin da 'yan kai, ba abin da ya lalace, kuma labarin kowa ya zo ɗaya: yadda Waters ya yafito Gilmour a ƙarshe suka rungumi juna su huɗu. Hoton talabijin ne, kuma akasarin waɗanda ke filin ma a manyan alluna suka gan shi. Barrett ya rasu a 2006, Wright a 2008, haɗuwar ba ta sake yiwuwa ba.

Akwai kuma batun shekaru. Morris Holbrook da Robert Schindler sun gano a 1989 cewa kiɗan da mutum ya fi ƙauna shi ne wanda ya yi tashe yana ɗan shekara 23 zuwa 24. Wanda ya tsaya cikin ruwan sama a Crystal Palace yana da ashirin, yanzu ya haura saba'in. Masu tattara tarihin baka da ke son jin ta bakinsu za su fi samun abin dogaro idan suka bar tambayar waƙoƙin da aka yi, tun da tef ya riga ya adana wannan, suka tambayi abin da babu na'urar da ta ɗauka: nawa aka sayi tikiti, da wa aka je, a ina aka tsaya, ta yaya aka koma gida bayan jirgin ƙasa na ƙarshe ya wuce. Daga nan sai a ɗauko naɗin daren a saurara tare da mai ba da labarin, a rubuta inda suka dace da inda suka saɓa.