Ciwon tara katako: abin da ke sa masu ƙera jita don sha'awa cika ɗakuna da itace mai tsada

A Amurka da Turai da Japan akwai dubban mutane da ke ƙera jita a gidajensu, ba don neman abinci ba, don sha'awa kawai. Da yawansu ma'aikata ne ko waɗanda suka yi ritaya, masu ɗan wurin aiki a gareji ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jita ɗaya takan cinye wa irin wannan mutum sa'o'i ɗari ko fiye, don haka da wuya ya gama fiye da biyu ko uku a shekara. Amma idan aka leƙa ma'ajiyarsa, ba abin mamaki ba ne a tarar da katakon da zai ishi jita arba'in ko hamsin, an jera shi falle-falle har kusa da rufi. Su da kansu sun san lissafin bai fita ba. Mai shekara sittin da ya tara katakon jita hamsin, yana ƙera biyu a shekara, sai ya kai tamanin da biyar kafin ya ga ƙarshensa, in har ya daina saye, abin da ba ya faruwa. Cikin raha suke kiran wannan hali ciwo, ciwon tara katako.

Sha'awar ƙera jita a gida ta bunƙasa ne daga shekarun 1960. A 1966 Irving Sloane ya wallafa littafi kan yadda ake haɗa jita irin ta Sifaniyawa. A 1972 aka kafa ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗa masu tsirkiya ta Amurka, sannan a 1987 William Cumpiano da Jonathan Natelson suka fitar da nasu littafin, wanda har yau ɗalibai ke bi daki-daki. Da masu koyo suka yawaita, sai dillalai suka fara yanka katako daidai awon jita suna aikawa ta gidan waya.

Abin da ake tarawa

Jita ba daga itace ɗaya ake yin ta ba. Fuskarta, wato allon da ke ɗauke da jakin da tsirkiyoyi ke hawa, itace mara nauyi mai ƙwari ake nema mata, galibi sifurus, wani dangin bishiyoyin ƙasashen sanyi. Kaurin fuskar bai wuce milimita uku ba, amma a jita mai tsirkiyar ƙarfe tana jure jan da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana. Baya da gefuna kuwa itace mai nauyi ake sa musu, kamar rozwud ko mahogani ko koa na tsibirin Hawai. Wuya yawanci mahogani ne, allon da yatsu ke dannawa kuma eboni, baƙin itacen nan ɗan'uwan kanya.

Ana sayar da katakon ne saiti-saiti. Saitin baya da gefe falle huɗu ne: biyu na baya, biyu na gefe. Fallayen bayan daga allo ɗaya ake tsago su, a buɗe su kamar shafukan littafi, ta yadda zanen da ke dama zai zama tagwayen na hagu. Yadda aka tsaga gungumen ma yana da muhimmanci. Wanda aka fi so shi ne a raba gungume huɗu, a yanko fallaye daga tsakiya zuwa ɓawo, domin irin wannan yanka bai cika lanƙwashewa ba. Tunda faɗin kowane falle ya kai santimita 20, sai babbar bishiya, wadda sau da yawa ta yi ɗaruruwan shekaru, ke iya bayar da shi. A nan tsadar ta fara.

Saiti ɗaya kuma bai fi a sa shi a hammata ba. Wannan ƙanƙanta tana da hannu a ciwon. Wanda ke tara motoci sai ya nemi fili, wanda ke tara katakon jita kanta ɗaya ta ishe shi ajiye dukiyar dubban daloli, maƙwabci bai sani ba, wani lokaci har da uwargida.

Hujjar masu tarawa

Suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ɗanyen katako ba ya yin jita. Sai danshin da ke cikinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, ya kuma saba da iskar ɗakin da za a yi aikin, inda ake riƙe laima a wajen kashi 45 cikin ɗari. Idan aka yi gaggawa, fuskar jitar za ta tsage da zuwan rani na farko. Duk wanda ya ga yadda ƙofar katako ke ƙin rufuwa da damina, ta koma tana lilo da hunturu, ya san abin da ake gudu. Saboda haka ake jera fallayen da 'yan siraran sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, a shafe bakunansu da kaki don kada su dare, a rubuta ranar saye a jiki. Mai ƙera jita na gaske dole ya sayi katakon baɗi da na baɗin baɗaɗa tun bana. Wasu kuma sun yi imani cewa sauti na ƙaruwa da tsufan katako, da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai shekara biyu ko uku sun ishi siririn falle bushewa. Hujjar ta ɗauki saiti goma, ba ta ɗauki hamsin ba.

Hujja ta biyu ita ce sauti. Mai saye kan riƙe falle da yatsu biyu kusa da kunne, ya ƙwanƙwasa, ya saurari amon. Rozwud mai kyau yakan yi ƙara kamar ƙararrawa, kuma wanda ya taɓa jin wannan amo da wuya ya mayar da fallen kan tebur. Tambayar ita ce ko amon na biyo katakon har cikin jitar da aka gama. Game da fuska babu gardama, ita ce ke motsa iska. Game da baya da gefuna, waɗanda su ne suka fi tsada kuma su aka fi tarawa, shaidar ba ta goyi bayan masu tarawa ba. Antonio de Torres, mutumin Almeriya ta ƙasar Sifen wanda ya tsara siffar jitar zamani, ya ƙera wata a 1862 da baya da gefuna na kwali, kuma an daɗe ana fassara wannan a matsayin nuni da cewa fuska ce ke magana. Jitar tana gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 1995 Bob Taylor, mai kamfanin Taylor a Kalifoniya, ya haɗa jita da katakon da ake ɗora kaya a kai a sito, har da gurabun ƙusoshi a jiki, ta kuma yi sauti mai kyau.

Gwajin da ya fi kowane tsauri an wallafa shi ne a 2018, ƙarƙashin masu bincike na Jami'ar Lancaster a Ingila. Kamfanin Fylde ya ƙera jita shida iri ɗaya, bambancinsu kawai katakon baya da gefe: rozwud na Brazil, rozwud na Indiya, mahogani, mafil, sapele da walnot. Makaɗa 52 suka kaɗa su a ɗaki mai duhu-duhu, sanye da tabarau irin na masu walda don kada su gane katakon. Makin da suka bai wa jitocin ya zo kusan ɗaya, kuma da aka nemi su bambance wannan da waccan da kunne, abin da suka samu bai fi na mai canka da yawa ba. Gwaji ɗaya ba ya kashe magana, kuma ƙwararru da dama sun ƙi yarda da shi. Amma a ganina ya nuna inda kuɗin ke tafiya: ido ake saya wa katakon baya, ba kunne ba.

Ƙaranci, labari da doka

Abin da ke hura wutar ciwon fiye da komai shi ne tsoron kada abu ya ƙare. Tsoron yana da tushe. Rozwud na Brazil, Dalbergia nigra, shi ne kamfanin Martin na Pensilbaniya ya yi amfani da shi a manyan jitocinsa har zuwa 1969, lokacin da ƙarancinsa ya sa aka koma na Indiya. A 1992 aka sa shi a rukuni na ɗaya na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wanda ke nufin an haramta cinikin sabon yanka tsakanin ƙasashe. Waɗanda suka tara shi tun yana araha sun wayi gari saiti ɗaya na kai dubban daloli. Kowane mai tarawa ya san wannan labari, kuma kowa na fatan abin da ke kantarsa shi ne rozwud na gobe.

Wani lokaci ma labarin ake saye. A 1965 masu saran itace suka kayar da wata ƙatuwar bishiyar mahogani a dajin Chiquibul na ƙasar da yanzu ake kira Belize. Ta faɗa cikin kwazazzabo, aka kasa fito da ita, ta kwanta a nan fiye da shekara goma kafin a janyo ta gunduwa-gunduwa. Da aka tsaga sai aka ga zane a jikinta kamar igiyar ruwa, irin wanda ba a saba gani ba. Har yau a duniyar masu jita idan aka ce "Bishiyar", ba tare da ƙarin bayani ba, ita ake nufi, kuma fallayenta na cikin katako mafi tsada a kasuwar. Haka ake rububin gungumen da suka nutse a koguna tun zamanin Turawan mulki aka tsamo su, da katakon tsoffin gadoji da majami'u.

Doka ta ƙara wa abin zafi. A 2008 Amurka ta faɗaɗa dokar Lacey ta 1900 ta haɗa da katako, ya zama laifi a shigo da itacen da aka sare ba bisa dokar ƙasarsa ba. Jami'an gwamnati suka kai samame masana'antun Gibson a jihar Tennessee a 2009 da 2011. A watan Agustan 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000 da ƙarin dala 50,000 don aikin kare daji, kan eboni da aka shigo da shi daga Madagaska. Daga 2 ga Janairun 2017 kuma aka sa dukkan dangin Dalbergia ƙarƙashin izinin CITES. A taron Janeba na 2019 an sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka gama, amma ba a sassauta wa fallayen katako ba, ba a kuma taɓa hukuncin na Brazil ba.

Sakamakon haka takarda ta zama rabin darajar katako. Saitin rozwud na Brazil da ba shi da shaidar cewa an sare shi kafin 1992 ba ya tsallake iyaka bisa doka. Da yawa daga tsoffin masu tarawa sun saye shi ne hannu da hannu, babu ko rasit. Idan suka rasu, magada kan gaji kanta cike da fallayen da ba su san sunansu ba, ba su kuma da abin da za su nuna wa kwastan.

Inda abin ya taɓo Afirka

Adalci ne a faɗi cewa ba masu jita ne suka cinye dazuzzukan rozwud ba. Abin da suke amfani da shi ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kasuwar kujeru da gadajen alfarma ta ƙasar Sin, wadda ita ce ta jawo tsauraran matakan 2017. Wannan kasuwa ce ta afka wa madobiya, wadda 'yan katako a Taraba ke kira madrid, Turawa kuma ke kira rozwud na Afirka. An sa ta ƙarƙashin CITES a 2017, an kuma dakatar da Najeriya daga fitar da ita a 2018.

Duk da haka kantocin masu jita cike suke da itacen Afirka. Sapele, wanda ya maye gurbin mahogani a jitoci masu sauƙin kuɗi, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ɗauka, inda aka daɗe ana lodin katako zuwa Turai. Abin da suke kira mahoganin Afirka kuwa dangin maɗaci ne, kuma shi ma an sa shi ƙarƙashin izinin CITES a taron Panama na 2022.

Eboni ya fi kowane nuna abin da son kyau ke jawowa. A 2011 kamfanin Taylor da Madinter na Sifen suka sayi Crelicam, wata masana'antar tsaga eboni a Yawunde ta Kamaru. Bob Taylor ya bayyana cewa masu sara sun shaida masa sukan kayar da bishiya kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi ƙirin, domin ba a gane launin ciki sai an sare. Sauran, masu ratsin fari ko ruwan ƙasa, a daji ake barin su su ruɓe, tunda kuɗin da ake biya a kansu bai kai wahalar fito da su ba. Ƙwarinsu ɗaya da baƙin, launi ne kawai ya kashe su. A 2012 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa biyan mai ratsi kuɗi ɗaya da baƙi, ya kuma sa shi a jitocinsa har da masu tsada, daga baya ya shiga aikin dashen eboni tare da ƙauyukan da ke kewayen gandun dajin Dja. Yanzu dillalai na ware eboni mai ratsi su ɗauki hoton kowane falle daban, masu tarawa kuma sun buɗe masa wuri a kanta.