Injin juya itace: abin da mai koyo a Manshiya zai duba kafin ya saya

Injin juya itace shi ne wanda yake riƙe guntun katako yana juya shi da sauri, mai aiki ya ɗora ƙarfe mai kaifi yana fere shi har ya fito a kewaye sumul. Larabawan Libiya suna ce masa makhraɗa, da Faransanci kuwa tour à bois. Da shi ake fitar da ƙafafun gado da na kujera, muciya, akushi, da ƙaramin turmin yaji da taɓaryarsa, wato yawancin abin da masassaƙi yake fitarwa da gizago a ƙasar Hausa. A unguwar Manshiya ta Sabha, inda 'yan ci-rani daga Nijar da Najeriya suke zaune, mai son barin leburanci ya kama wannan sana'a yakan sayi kayan ne da ɗan abin da ya tara, don haka sayen kuskure ba ƙaramar asara ba ce.

Awo biyu ake fara tambaya: tsawon itacen da injin zai riƙe, da faɗin abin da zai iya juyawa. Ƙananan injuna na kan tebur sukan riƙe tsawon santimita 45 zuwa 50 da faɗin santimita 25 zuwa 30. Sun isa akushi da turmin yaji, amma ƙafar tebur takan kai santimita 70, saboda haka mai niyyar yi wa kafintoci ƙafafu sai ya nemi mai tsawon mita ɗaya. Kamata ya yi mutum ya san abin da zai sayar tukuna, sannan ya zaɓi inji.

Nauyi abin so ne a nan. Injin da jikinsa zubin ƙarfe ne ba ya rawa, na bututu ko na gwangwani kuwa yana kaɗawa, kuma kaɗawar takan fito a jikin aiki. Sai dai wanda yake shirin komawa gida ta Gatrun da Dirku zuwa Agadas ya tuna cewa duk kilo kuɗi ne a mota. Ƙaramin inji na zubi da mutum biyu za su ɗaga ya fi masa.

Wutar Libiya da ta Nijar da ta Najeriya duk ɗaya ce, bolt 220 zuwa 230, don haka injin da ya yi aiki a Sabha zai yi a Damagaram ko Kano. Abin gudu shi ne na bolt 110 da ake yi don Amurka, da kuma tsofaffin injunan masana'anta masu layin wuta uku, waɗanda wutar gida ba ta tayar da su. Mota mai wat 370 zuwa 550 ta isa mai koyo. Tunda ana ɗauke wuta a Fezzan, musamman da zafi, mai dogaro da janareta ya nemi wanda ya ninka ƙarfin motar sau biyu ko uku, domin tana jan wuta sosai lokacin tashi.

Akwai wani abu da masu saye suke mantawa: bakin injin. In ramin sandarsa na awon da ake kira MT2 ne (CM2 a takardun Faransanci), zaren bakin kuma M33 ne ko inci ɗaya mai zare 8, za a sami kayan ɗaurawa a ko'ina. In wani awo ne na daban, ranar da abu ya lalace sai a rasa madadinsa. Injin hannu na biyu ba laifi ba ne, muddin an tayar da shi a gabanka, ka saurari boris, ka kuma matso da tsinin baya ka ga ya haɗu da na gaba daidai.

Kada kuɗi su ƙare a kan inji. Ƙarafa uku masu tambarin HSS sun fi akwati mai guda goma sha biyu na ƙarfe mai laushi: babba mai kwarmi na fere gabobi, siriri na fitar da ado, da na yankewa. Mai son akushi ya ƙara na huɗu, na rarake ciki, kuma kada ya kuskura ya sa babban na farko a cikin akushi, don yakan cije ya karye. Dutsen wasa na lantarki dole ne, domin busasshen itacen hamada da yashin da ke maƙale a ɓawonsa suna dakushe ƙarfe nan da nan. Haka ma garkuwar fuska da takunkumin ƙura. Babbar riga da jelar rawani a cire su kafin a kunna.

Gudu yana bin faɗi. Masu sana'ar sukan ninka faɗin itace a santimita da yawan juyi a minti, kada jimlar ta wuce wajen 23,000. Ke nan akushi mai santimita 20 bai kamata ya wuce juyi 1,100 ba, kuma da ƙasa da haka ake farawa. Wannan ne aibin injin haɗin gida da masu walda suke yi da motar da ke juyi 1,400: in ba a sa fuli mai hawa-hawa ba, ba shi da gudun ƙasa. Inji mai sauka zuwa 500 ko 600 ake nema.

Sai itace. Kirya da maɗaci da kanya da aka saba da su a gida ba a samunsu a Sabha, kututturen dabino kuwa zare ne, ba ya feruwa sumul. Ragowar katakon zan daga shagon kafinta ya fi dacewa da koyo. Katakon falet ma yana yi, bayan an bi shi an cire ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya.