Tace gajeren fim da sanya masa kiɗa: aikin da ke biyo bayan ɗauka

A masana'antar finafinan Hausa, kalmar “tacewa” tana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce aikin edita, wanda ke yanka hotunan da aka ɗauka ya jera su har su zama labari. Ta biyu ita ce dubawar hukuma, kamar Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa da aka kafa a 1993, da takwararta ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Sai ta farko ta kammala ake zuwa ga ta biyu.

Gajeren fim, a ma'aunin masu ba da kyautar Oscar, shi ne wanda bai wuce minti 40 ba. Ƙarancin lokacin ne ke sa tacewarsa wuya, domin duk fitowar da ba ta ciyar da labari gaba ba, cire ta ake yi.

Edita yakan fara da kwafe hotunan zuwa wuri biyu don gudun asara. Daga nan ya daidaita murya da motsin baki, ya yi jeri na farko, darakta ya duba. Idan aka amince da jerin ƙarshe, sai a gyara launi, a share hayaniya, a shiga aikin kiɗa. Manhajojin da aka fi sani su ne Adobe Premiere Pro da DaVinci Resolve, sai CapCut ga masu aiki da waya.

Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Kano sun taso tare da waƙa. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama, kuma Sangaya na 1999 ya yi tashe da wannan sauti. Sai dai waƙar rawa daban take da kiɗan da ake shimfiɗawa ƙarƙashin magana. Shi wannan ana tsara shi ne bayan an rufe jeri, domin ko daƙiƙa ɗaya aka rage daga hoto, kiɗan zai saɓa da shi.

Ba kowane fim ne fiyano ke yi wa ado ba. Wanda ya ɗauki bikin Uhola na Dakarkari a Zuru, gangunan filin da muryoyin mahalarta su ne kiɗansa, kuma tun a wurin ake naɗarsu da kyau.

Ga ɗan kasuwa mai neman talla, ko ma'aikatar da ta ba da kwangilar fim na wayar da kai, batun haƙƙin mallaka ne abin lura. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare aikin makaɗi, YouTube kuma yakan toshe bidiyon da aka sa wa waƙar wani, ko ya karkatar da kuɗin tallarsa ga mai waƙar. Rubutacciyar yarjejeniya da makaɗi, tun kafin a biya, ita ce kariya.