Tagazut: ƙauyen masunta a Maroko da ya zama matattarar masu hawan igiyar ruwa

Tagazut ƙaramin gari ne na Abzinawan Maroko, wato Amazig, a gaɓar tekun Atlantika, kimanin kilomita 20 arewa da birnin Agadir. A da kamun kifi ne sana'ar mutanensa. Yau kuwa an fi saninsa da wasan hawan igiyar ruwa, wanda ake kira surf: mutum ya kwanta bisa dogon allo, ya tuƙa da hannuwa zuwa cikin teku, idan igiya ta taso sai ya miƙe tsaye ta kwaso shi zuwa gaɓa. Tun wajajen shekarun 1960 da 1970 baƙi suka fara zuwa da allunansu.

Daga ina igiyar take zuwa?

Igiyar da ke isowa Tagazut ba a nan ake haifar ta ba. Guguwar lokacin sanyi a arewacin Atlantika ce ke tada ruwa, ya yi tafiyar dubban kilomita kafin ya iso daga arewa maso yamma. A arewa da garin akwai wani hancin ƙasa mai suna Cap Ghir da ya kutsa cikin teku. Shi ke kare gaɓar daga iskar arewa, ya kuma sa igiyar ta lanƙwaso ta bi gefen duwatsu a jere. Shi ya sa yawancin igiyoyin yankin ke karyewa a hankali zuwa hannun daman mai hawa, har ya yi doguwar tafiya a kan guda ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa

Manyan igiyoyi na zuwa ne daga Oktoba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Agusta teku kan lafa, abin da ya fi yi wa masu koyo daɗi. Ruwan yana da sanyi saboda kwararar da ke gangarowa daga arewa: a tsakiyar hunturu zafinsa kan sauka zuwa digiri 16 ko 17, don haka sai da rigar roba mai riƙe ɗumi. Safiya ta fi, domin iska daga tudu take busowa tana gyara fuskar igiya. Da rana ta juya daga teku, ta dagula ruwan. Sai kuma cika da janyewar teku, sau biyu a yini, waɗanda kan sauya halin wuri cikin sa'o'i kaɗan.

Wuraren ƙwararru

Anchor Point, ko Pointe des Ancres, shi ne mafi shahara. Yana arewa da garin kaɗan, sunansa kuma ya samo asali daga tsofaffin angunan masu kamun kifin tuna. Yana buƙatar babbar igiya, ya fi kyau idan teku ta janye, kuma daga kan dutse ake tsalle a shiga. A nan aka yi gasar ƙasa da ƙasa ta Pro Taghazout Bay a Janairun 2020.

Gaba da shi akwai Killer Point, wanda aka raɗa wa suna saboda manyan dabbobin teku da ake kira orka. Yana ƙarƙashin tsauni, sai an yi dogon tuƙi kafin a isa. Kusa da Cap Ghir kuma akwai Boilers, inda tukunyar injin wani jirgi da ya nutse ke leƙowa daga ruwa. Igiyarsa na da sauri, ƙasansa duwatsu ne cike da bushiyar teku mai ƙaya.

Wuraren masu koyo

Panorama, a kudancin garin, da rairayin Tamraght da Banana Point kusa da Aourir, sun fi sauƙi domin ƙasansu yashi ne galibi. Mai mota yana iya zarcewa arewa zuwa Imsouane, inda igiya mai laushi kan ɗauki mutum ɗaruruwan mitoci.

Abin kiyayewa

Babban haɗari shi ne ruwan da ke ja zuwa tsakiyar teku. Wanda ya faɗa cikinsa kada ya yi kokawa da shi. Ya riƙe allonsa, ya tuƙa ta gefe har ya fita. Bayan ruwan sama, a guji bakin ƙoramu saboda dattin da suke kwasowa. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ke bi: wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara karyewa, tasa ce.

Wasan ya sauya rayuwar yankin. Gidajen baƙi da makarantun koyarwa sun cika garin, ƴaƴan masunta da dama sun zama malaman wasan, kuma Ramzi Boukhiam, haifaffen Agadir, ya wakilci Maroko a gasar Olamfik ta Tokyo da ta Paris. Sai dai bunƙasar ta zo da cunkoso da takaddamar filaye: a Janairun 2024 hukumomi sun rushe gine-gine da dama a bakin tekun Imsouane, bisa hujjar cewa an yi su a filin gwamnati.