Shan ruwa a wasan ɗaga ƙarfe

Shan ruwa a wasan ɗaga ƙarfe shi ne kiyaye adadin ruwan da ke jikin ɗan wasa kafin atisaye, da lokacin atisaye, da kuma bayansa. Ruwa shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikin namiji baligi, a mace kuma kusan kashi 50 zuwa 55. Tsoka ita kanta kusan kashi 75 cikin 100 ɗinta ruwa ne, shi ya sa ƙarancinsa kan bayyana da wuri a ƙarfin mai ɗaga ƙarfe, ko mai kokawa, ko ɗan dambe.

Aikin ruwa a jiki

Jini ne ke kai iskar oksijin da sukari ga tsoka, kuma mafi yawansa ruwa ne. Idan tsoka tana aiki takan fitar da zafi, sai jiki ya sanyaya kansa ta hanyar zufa. Ɗan wasa kan zubar da rabin lita zuwa lita 2 na zufa a awa ɗaya, gwargwadon zafin gari da nauyin atisayen. Idan ba a mayar da wannan ruwa ba, jini yakan ragu, zuciya ta ƙara saurin bugawa, zafin jiki ya hau, mutum ya gaji tun bai kammala ba. Ruwa ne kuma ke taimaka wa ƙoda wajen fitar da datti, yana rage haɗarin tsakuwar ƙoda da taurin bayan gida.

Ƙarancin ruwa

Masana sun nuna cewa rasa ruwan da ya haura kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kuzari, musamman a wuri mai zafi. Ga mai nauyin kilo 70, wannan kilo 1.4 ke nan. Alamominsa sun haɗa da ƙishi, bushewar baki, ciwon kai, jiri, da fitsari kaɗan mai duhun launi.

Haɗarin ya fi yawa a wasannin da ake raba 'yan wasa bisa nauyi, inda wasu kan hana kansu ruwa don su rage kilo kafin a auna su. A ƙarshen shekarar 1997, ɗalibai uku 'yan kokawa a jami'o'in Amurka sun mutu suna wannan ƙoƙari. Bayan haka ne hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta sa rigar roba da shiga ɗakin turiri don rage nauyi.

Adadin da ake buƙata

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. A shekarar 2010, hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ba da shawarar lita 2.5 a rana ga maza da lita 2 ga mata, har da ruwan da ke cikin abinci. Mai atisaye a zafi yana buƙatar fiye da haka.

Ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka, ACSM, ta ba da shawara a 2007 cewa a sha mililita 5 zuwa 7 ga kowane kilo na nauyin jiki, aƙalla awa huɗu kafin atisaye. Ga mai kilo 70, wannan bai wuce leda ɗaya ta fiya wata ba. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da aka rasa ita ce hawa sikeli kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma mai son murmurewa da sauri zai sha kamar lita ɗaya da rabi a madadinsa, a hankali.

Zufa tana fita da gishiri. A atisayen da bai wuce awa ɗaya ba, ruwa da abincin yau da kullum sun wadatar. Masu azumi sukan mayar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki, su rarraba shan ruwa har zuwa sahur.

Yawan shan ruwa

Shan ruwa fiye da abin da jiki ya zubar shi ma yana da illa, domin yana tsinka sinadarin sodiyam da ke cikin jini. Wannan kan jawo tashin zuciya, ruɗewa, farfaɗiya, wani lokaci har mutuwa. Wani bincike a kan 'yan gudun yada ƙanin wani na Boston na 2002 ya gano matsalar a jikin kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Idan nauyin ɗan wasa ya ƙaru bayan atisaye, alama ce ta cewa ya sha fiye da kima. Masu ciwon ƙoda ko na zuciya kuwa likita ne ke ƙayyade musu adadin da za su sha.